Ganuwa, Kududdufi da Awon Igiya: Yadda Kano Ta Tsara Kanta

Duk lokacin da ruwan Agusta ya shiga ɗakunanmu, mukan ɗora wa damina laifi. Amma damina ba baƙuwa ba ce a Kano. Abin da ya sauya shi ne wanda ke da ikon cewa "a nan za a yi gini, a nan ba za a yi ba."

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a wajen ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Sai dai ba a cika cikin ganuwar da gidaje ba. Da Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851, ya tarar da fili mai yawa a cikin birni, har da gonaki. Ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suka zama kududdufai masu karɓar ruwan sama, Jakara kuma na kwashe saura. Fili yana hannun sarki, mai unguwa ne idonsa, kuma ya san inda lungu ya bi da inda ruwa ke bi.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Tsarinsu na rarrabe mutane ne: su a Nassarawa cikin itatuwa da faɗin titi, baƙi daga kudu a Sabon Gari, 'yan gari a cikin ganuwa. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan rabon. An bi doka sosai, amma alherinta bai game kowa ba.

Bayan 'yancin kai, aka yi babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ake kira da sunan Trevallion. Sai gari ya fi takarda sauri. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen birni hannun gwamna, amma takardar shaidar mallaka ta yi wa talaka nisa. Sai ya koma wurin mai gona, aka yanka masa fuloti da awon igiya. Haka unguwanni da dama suka tashi a bayan ganuwa ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. A cikin birni kuwa, muna kallo aka cike kududdufai, aka yanki ganuwa aka yi shaguna.

A 2022 ruwa ya mamaye Kantin Kwari, ya ɓata dukiya mai yawa. A 2023 sabuwar gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da wadda ta gabace ta ta raba, har da shagunan Filin Idi. Mai ƙaramin jari ne ya kwana a ciki.

Kano ba ta taɓa rasa taswira ba. Abin da muke rasawa shi ne hukuma mai hana gini tun ana haƙa tushe, mai yi wa attajiri da talaka hukunci ɗaya, wadda kuma izininta ba ya mutuwa ranar da mulki ya sauya hannu. Mu ma da muke sayen fuloti a bakin kwari saboda arha, muna da namu kason.