Injin zarto da iccen girki: abin da ya kamata a sani a Kore Mairuwa

Kore Mairuwa ƙaramar hukumar karkara ce a jihar Dosso, a kan babbar hanya ta 1, tsakanin Dosso da Dogondutsi. Tana cikin gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogondutsi a 2011. Kamar a sauran garuruwan ƙasar Arewa, da icce ake girki a galibin gidaje, shi kuma ake ji wa ɗumi idan hunturu ya sauko. Gatari ne ya daɗe yana wannan aiki. Yanzu injin zarto, wanda ake ce wa tronçonneuse da Faransanci, yana samuwa a kasuwa, kuma yana kayar da bishiyar da ta shekara arba'in cikin ƴan mintoci. Mai son sayensa ko hayar mai shi yana da abubuwan da zai sani tun kafin a ja igiyar tayarwa.

Izini tukuna

Mallakar inji ba ta ba mutum ikon sara ba. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta bar wa mazauna karkara ƴancin tsintar busasshen icce don amfanin gida, amma saran ɗanyar bishiya don sayarwa yana buƙatar takardar jami'an gandun daji. Akwai kuma itatuwan da aka kare, irin su gawo, kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka da giginya. Kasancewar gawo a cikin gonar mutum ba ta sa ya kayar da shi yadda ya ga dama. Dokar 30 ga Yuli 2020 kan sassaben zamani ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan bishiyoyin da ya raina a gonarsa, duk da haka gara ya je ofishin gandun daji ya tambaya kafin ya kira mai inji. Tambaya ba ta cin ko dala, tara kuwa takan haɗa da ƙwace kayan aiki.

Cinikin icce zuwa manyan birane yana ƙarƙashin doka mai lamba 92-037 ta 21 ga Agusta 1992, wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara. Mai ɗaukar icce don sayarwa yana riƙe takardar sufuri, kuma harajin iccen da aka saro a dajin da ba a tsara ba ya fi na wanda aka saya a kasuwar ƙauye. Ma'aunin hukuma shi ne sitar, wato icce jerarre mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi.

Mai da sarƙa

A nan ne injuna da yawa ke mutuwa. Injin zarto ba shi da tukunyar man inji kamar mota, man da aka garwaya cikin esansi shi ne ke shafe cikinsa. Kamfanonin Stihl da Husqvarna sun ce a zuba kashi ɗaya na man 2T cikin kashi 50 na esansi, wato mililita 100 a lita 5. Wasu injuna masu araha suna son kashi ɗaya cikin 25, don haka a duba abin da aka rubuta a jikin injin ko a littafinsa. A yi garwayen a jarka, a girgiza, sannan a zuba. Wanda ya zuba tsurar esansi zai ƙone fistan tun tanki bai ƙare ba. Esansin kwalba na bakin hanya kuma a tace shi da ƙyalle mai tsabta, saboda ƙasa ko ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya toshe karbireta. Kada a haɗa na wata biyu a ajiye, yana lalacewa.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa. Duk lokacin da aka cika esansi a cika shi ma. Mutane kan zuba baƙin man da aka juye daga mota don sauƙi, amma yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe, yana cinye famfo da takobin da sarƙar ke zagayawa a kai.

Babban abokin gabar sarƙa a wannan yanki shi ne yashi. Iskar hunturu tana cusa shi cikin ɓawon icce, gara kuma tana gina ƙasa a jikin busasshen kututture. Sarƙa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, kaifinta ya tafi. Alamar mai sauƙi ce: sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, dasasshiya tana fitar da gari kamar dusa, har sai mutum ya danna da ƙarfi. A nan sai a tsaya a wasa ta da zagayayyen magagari daidai girman haƙoranta, a kwance shi kusan digiri 30, kowane haƙori adadi ɗaya. A share jikin iccen kafin a yanka, a ɗora shi a kan wani gungume. Matatar iska kuwa, a lokacin ƙura, kullum ake wanke ta.

Inda haɗarin yake

Mafi munin rauni yana zuwa ne idan saman bakin takobin ya ci karo da reshe ko wani abu mai tauri. Injin yakan yi tsalle baya zuwa fuska ko kafaɗa, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Shi ya sa ake riƙe shi da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙin gaba, ba a yanka da bakin takobi, ba a kuma ɗaga shi sama da kafaɗa. Ƙarfen da ke gaban hannun hagu birki ne na sarƙa. Duk injin da birkinsa ya mutu bai cancanci a saye shi ba, komai arhar sa. Ana tayar da inji a ƙasa, ƙafa a kan mariƙin baya.

Babbar riga da rawani mai lilo ba kayan wannan aiki ba ne, silifa ma haka. Ana buƙatar rufaffen takalmi, tabarau, safar hannu da abin toshe kunne, don ƙarar injin ta haura desibel 100, kuma kurumtar da take jawowa ba ta warkewa. Idan za a kayar da bishiya, a fara yanka baki a gefen da ake so ta faɗi, sannan a yanka ta baya, a bar ɗan tsakani da zai riƙe ta kamar ƙyaure. Mai yanka ya share hanyar gudunsa tun farko. Ƴan kallo, musamman yara, su ja baya ninki biyu na tsayin bishiyar. Kada mutum ya tafi daji da inji shi kaɗai.

Cikin sauran kayan aiki masu lantarki, ɗaya daga cikin masu cin yatsu shi ne ƙaramin injin gurza ƙarfe idan aka ɗaura masa fefen zarto don yanka katako. Yana juyawa wajen sau 11,000 a minti, ba a yi shi don icce ba. Kada a cire masa murfin kariya. Janareto kuma a waje ake ajiye shi, kuma ƙarfinsa ya ɗara na injin da zai ja, saboda lokacin tashi ya fi shan wuta.

Ɗauka

Amalanken jaki ko na shanu har yanzu shi ya fi dacewa da yashin Dallol Mauri. Babur mai ƙafa uku ya fi sauri, amma yana kifewa a kwana idan lodi ya yi tsayi. Manyan gungume a ƙasa, bisa gatarin taya, ƙanana a sama, a ɗaure da igiya. Iccen da ya leƙo baya a rataya masa jan ƙyalle. Direban ƙaramar motar kaya zai iya rage iskar taya a yashi, amma ya mayar kafin ya hau kwalta. Amalanke ba fitila a kan babbar hanya ta 1 bayan magariba haɗari ne ga kowa. Ko ƙyallin roba aka manna a baya ya taimaka.

Icce a murhu

Ɗanyen icce kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar da ya kamata ta dafa tuwo sai ta ƙare wajen ƙafar da ruwan, hayaƙi ya cika madafa. Busasshe ruwansa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ana gane shi da tsagewar baki da kuma amo idan an buga biyu. A faskare shi tun yana ɗanye, a jera a kan duwatsu don gudun gara, a rufe sama kawai idan damina ta kama. Geza, sabara da taramniya su ne iccen girkin da aka saba da shi, kuma suna tofowa idan an sare su da kyau a rani. Katako mai fenti da roba ba abin hura wuta ba ne.

Murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da na laka suna rage cin icce idan aka kwatanta da duwatsu uku, muddin tukunya ta zauna daidai. Masu hali suna haɗawa da gas, wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011.

Cikin sanyin Disamba da Janairu, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko, kuma mai barci ba ya jin su. A bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Wanda aka tarar ya galabaita a fito da shi iska nan take, a kai shi gidan likita mafi kusa.