Ranar da matar jakadan Ingila ta shiga gidan wankan matan Sofiya

A shekarar 1717 Lady Mary Wortley Montagu na kan hanyar Istanbul tare da mijinta Edward, wanda Ingila ta naɗa jakada a Daular Usmaniyya. Suka yada zango a Sofiya, babban birnin Bulgeriya a yau, lokacin yana hannun Turkawa. Garin ya yi suna da ruwan zafi mai ɓulɓulowa daga ƙasa, don haka wata safiya ta yi hayar keken doki, ba tare da ta bayyana ko ita wace ce ba, ta nufi hamam, wato gidan wanka, na mata.

Ginin dutse ne mai ƙubbobi biyar, babu taga ko ɗaya sai ta rufi, inda haske ke saukowa. Daɓen marmara ne, ga maɓuɓɓugan ruwan sanyi suna kwarara, can ciki kuma tururi mai warin kibiritu. Mata kusan 200 ta tarar, uwargijiya da baiwa duk ba sutura, ba ka rabe wannan da waccan. Wasu na shan gahawa, wasu ana yi musu kitso, ana ta hira. Ita kuwa ta faɗo musu da kayan hawan doki irin na Turawa.

Ku dubi abin da ya biyo baya. Babu wadda ta yi mata dariya, babu wadda ta raɗa wa ta kusa da ita magana. Babbar cikinsu ta kira ta ta zauna gefenta, ta roƙe ta ta tuɓe a yi wanka da ita. Da ta rasa hanyar zillewa sai ta buɗe riga ta nuna musu 'yar cikin nan mai tauri da matan Turai ke ɗaurewa tamau don ƙugu ya tsuke. Nan matan suka ɗauka mijinta ne ya kulle ta a ciki, ba ta da ikon kwancewa. Wannan wurin ya fi taɓa ni: Turai na tausayin matan Turkawa wai an tsare su, su kuma ga shi Baturiyar suke kallo a matsayin wadda aka kulle. Ita kanta ta rubuta cewa ba ta san wata fada a Turai da za a karɓi baƙuwa da irin wannan ladabi ba.

Hamam ba wurin shashanci ba ne. Musulmi sun gaji dabarar ɗumama daɓe daga Rumawa, suka haɗa ta da bukatar tsarki, kuma da yawansu wakafi ne, kuɗin shigarsu ke riƙe masallaci ko makaranta. Na Cemberlitas da Mimar Sinan ya gina wa Nurbanu Sultan a Istanbul a 1584 har yau ana wanka a cikinsa.

An buga wasiƙun Lady Mary, inda ta ba da wannan labari, a 1763, shekara ɗaya bayan rasuwarta. Bayan kusan shekara ɗari, mai zanen Faransa Ingres, wanda bai taɓa taka ƙasar Turkawa ba, ya ɗauki bayaninta ya zana hoton da ke gidan tarihi na Louvre yanzu. Tsiraicin ya ɗauka, ladabin nan da ya fi burge ta ya bar shi a takarda, kuma abin takaici hotonsa ne ya fi wasiƙarta yawo a duniya.