Wasan da Tsoro Ya Yi wa Talla: Shekara Hamsin na Dungeons & Dragons a Kasuwa

A watan Janairu na 1974, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, aka buga kwafi 1,000 na wani wasa da babu mai kantin da ya san kan kantar da zai ajiye shi. Ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, farashinsu dala 10. Ɗaya daga cikin mawallafan, Gary Gygax, gyaran takalma yake yi don ciyar da iyalinsa bayan ya rasa aikinsa a kamfanin inshora. Ɗayan kuma, Dave Arneson, saurayi ne daga Minnesota. Sunan wasan Dungeons & Dragons, kamfanin da ya fitar da shi kuwa TSR. Sai da aka yi kusan shekara kafin kwafin nan dubu su ƙare.

Wasan ya fi kama da tatsuniyar da masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, ɗaya ya zama mai jan labari, ya ce ga kogo, ga dodo a bakinsa. Sauran kowa ya shiga rigar jaruminsa, wani mayaƙi, wani matsafi, wani ɓarawo, ya faɗi abin da zai yi. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, amma har da mai fuska 20, ita za ta nuna an dace ko an sha ƙasa. Ba a cinye kowa, labarin ma ba lallai ya ƙare ba.

Matsalar mai sayarwa a nan take. Mutum ɗaya ne zai sayi littafi, biyar su mora, kuma su shekara goma ba su ƙara sayen komai ba sai fensir da takarda. Tarihin kasuwar wannan wasa kusan duk tarihin neman maganin wannan matsala ne.

Da farko ɗaliban jami'a da masu wasan yaƙi da 'yan gumakan soja ne suka yaɗa shi baki da baki. A 1977 TSR ta fitar da kwali mai sauƙi don sababbin shiga, sannan manyan littattafai uku masu ƙwaƙƙwaran bango tsakanin 1977 da 1979. Amma tallan da ya fi kowanne ba kamfanin ne ya biya shi ba. A watan Agusta na 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi zargin yaron ya ɓata ne a ramukan ƙarƙashin makarantar yana wasan, jaridu suka ɗauka. Daga baya aka gano shi a wata jiha, kuma ɓatan nasa ba shi da alaƙa da wasan. Sai dai sunan ya riga ya shiga kowane gida, cinikin TSR ya ninka sau da dama cikin 'yan shekaru.

Tsoron bai kwanta ba. A 1982 aka yi fim ɗin talabijin mai suna Mazes and Monsters kan haɗarin irin wannan wasa, da Tom Hanks yana matashi. A 1983 wata mata mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, wasu masu wa'azin coci suna kiransa ƙofar tsafi, har shirin 60 Minutes na tashar CBS ya tattauna batun a 1985. Ga TSR abin ya zama gobarar Titi a Jos: duk abin da aka hana yaro, shi yake nema. A 1983 ɗin ne ta fitar da jan kwalin da ya yi suna, aka kuma fara nuna zane mai motsi na wasan a talabijin.

Kuɗin da suka shigo da gudu, da gudu suka fita. Kashe kuɗi barkatai da rikicin masu hannun jari suka jijjiga kamfanin, a ƙarshen 1985 Gygax ya rasa shi, Lorraine Williams ta karɓi ragama. Kasuwa kuma ta cika da abokan gasa: Call of Cthulhu tun 1981, Das Schwarze Auge a Jamus a 1984, Sword World a Japan a 1989, sai Vampire: The Masquerade a 1991. TSR ta yi ta buga littattafai barkatai, domin yarjejeniyarta da kamfanin Random House mai rarraba mata littattafai ta tanadi a biya ta da zarar ta aika kaya, ba sai an sayar ba. Bashi ne da sunan ciniki. Da kwantai ya dawo mata a ƙarshen 1996, ko kuɗin maɗaba'a ta kasa biya.

Wanda ya saye ta a 1997 shi ne Wizards of the Coast, kamfanin da ya yi arziki da Magic: The Gathering, wasan kati na 1993 wanda mai yinsa ba ya daina saye. Bayan shekara biyu kamfanin Hasbro ya haɗiye Wizards ɗin kan kimanin dala miliyan 325. A 2000 aka fitar da bugu na uku tare da lasisin da ya ba kowa damar wallafa kayansa bisa dokokin wasan. Wannan kyauta ta farfaɗo da kasuwa, ta kuma haifa wa kamfanin kishiya. Da bugu na huɗu ya fito a 2008 bai yi wa tsofaffin 'yan wasa daɗi ba, sai kamfanin Paizo ya gina wasan Pathfinder a kan tsofaffin dokokin a 2009. Zuwa 2011 rahotannin masu kantuna sun nuna Pathfinder ya sha gaban wasan da ya haife shi.

Bugu na biyar, na 2014, ya sauƙaƙa dokoki. Amma wannan karon ma daga waje iska ta kaɗa. A 2015 wasu masu aron murya a finafinai suka fara nuna wasansu a intanet da sunan Critical Role, mutane suka ga yadda ake yi ba tare da karanta shafi ɗari uku ba. A 2016 shirin Stranger Things na Netflix ya fito da yara suna wasan a ɗakin ƙasa. Kamfanin ya ce a 2020, shekarar kullen korona, cinikin wasan ya ƙaru da kashi 33 cikin ɗari, ya kuma ce sama da mutum miliyan 50 sun taɓa yinsa.

Sai tsohuwar matsala ta dawo. A 2022 Hasbro ta sayi shafin D&D Beyond kan dala miliyan 146 da ɗoriya, inda ake biyan kuɗi wata-wata. A Janairun 2023 labari ya fito cewa ana shirin soke lasisin nan na 2000 a ɗora wa manyan mawallafa kaso. 'Yan wasa suka yi ta janye rajistarsu daga shafin, kafin wata ya ƙare kamfanin ya janye, har ya saki ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ba a iya karɓewa. A 2024, shekara hamsin da kwalin dala 10, an sake fitar da sababbin littattafai, kuma har yau a tebur mai mutum shida, sau da yawa littafi ɗaya ne ke zagayawa.