Ƙarfi ko Juriya: Inda Binciken Maikirowef Ya Rabu Biyu

A watan Fabrairun 1940 John Randall da Harry Boot suka kunna magnetiron mai ramuka, na'urar samar da igiyar maikirowef, a Jami'ar Bamingham, kuma kafin shekarar ta ƙare an tsallaka da ita Amurka, aka gina na'urorin rada na yaƙi a kanta. Tun daga nan mu masu wannan fanni muka kamu da wata ɗabi'a: duk wanda ya zo da sabuwar na'ura, abin da muke fara tambayarsa shi ne wat nawa ta fitar. A ganina wannan tambaya ta daɗe tana ɓatar da mu, domin da tsawon lokacin da na'urar ke jurewa ya kamata a fara.

Hanya ta rabu a shekarun 1960. A Aldamastan ta Ingila, J. C. Martin ya ƙware wajen tara lantarki a sake shi a bugu ɗaya, kuma a 1973 masana a Tarayyar Sobiyet suka yi amfani da irin wannan bugu suka samu ɗaruruwan megawat. Ba a jima ba aka haura gigawat, Amurka da Sobiyet suna rige-rige, sojoji suna zuba kuɗi da fatan makamin da zai ƙone kayan lantarkin abokan gaba. Sai dai gigawat ɗin da bai wuce kashi 1 cikin miliyan 10 na daƙiƙa ba, jul 100 ne kacal, abin da kwan fitila mai wat 100 ke sha a daƙiƙa guda. Kuma da zarar an ƙara ƙarfi sai bugun ya gajarce, saboda lantarkin yana fizgo ƙwayoyi daga bangon na'urar, filasma ta taru a ciki ta shaƙe igiyar.

A birnin Gorki na Tarayyar Sobiyet kuwa, Gaponov-Grekhov da abokan aikinsa sun bi wata hanya da na'urar maikirowef mai suna jairotiron, wadda ba ta cika jan hankalin jaridu ba. Matsalarsu zafi ce: tagar da igiyar ke fita ta cikinta ba ta iya ɗaukar megawat na dogon lokaci. Sai da aka iya ƙera tagar lu'ulu'u a masana'anta, wanda ya fi tagulla saurin kwashe zafi, sannan aka huta. Sakamakon ya bayyana a Jamus a 2023, lokacin da irin waɗannan na'urori suka riƙe filasmar na'urar gwajin haɗakar nukiliya ta Wendelstein 7-X da zafinta har minti 8, da makamashin da ya kai gigajul 1.3. Suna kuma cikin na'urorin da za su ɗumama filasmar ITER, wata na'urar gwajin haɗakar nukiliya, a Faransa.

Za a ce kuɗin sojoji ne suka raya fannin, kuma yanzu da jirage marasa matuƙa suka yawaita, makamin maikirowef ya samu aikin yi. Maganar kuɗi gaskiya ce, ba mai musunta ta. Amma a duba abin da masu sayen makamin ke nema yau: na'urar da za ta hau mota, ta yi ta maimaita bugu ba tare da ta ƙone ba, har garken jiragen ya ƙare. Wannan buƙata ta sanyaya na'ura ce da ingancin bangonta, aikin da mutanen jairotiron suka shafe shekaru suna yi tun ana kallonsa a matsayin ƙaramin aiki.