Motocin Da Suka Wuce Ta Ƙofarmu

A ranar 5 ga Mayu, 1974, motocin tsere suka tashi daga Landan da niyyar isa birnin Munich na Jamus, inda za a buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta wannan shekara. Tsakanin biranen biyu tafiyar yini ce da 'yan kai, amma masu shirya tseren suka lanƙwasa hanyar: a gangaro ta Faransa da Sifen, a tsallaka Maroko, a ratsa Aljeriya ta Tamanrasset, a shiga Nijar, a taɓa Kano, sannan a juya arewa. Kano ce makurar kudu ta tafiyar. Tun a Aljeriya lissafi ya dagule, domin an yi sabon aikin hanya bayan an rubuta takardar da direbobi ke bi, sai da yawansu suka ɓace cikin rairayi. Har Stirling Moss, gwanin tsere na Ingila, a hamada tafiyarsa ta ƙare. Motoci 19 kaɗai suka ga Munich, biyar ne a cikinsu suka bi hanyar gaba ɗaya. Wasu 'yan Ostireliya uku ne suka yi na ɗaya a cikin Citroën, da tazarar da ta haura kwana guda, kuma mata biyu 'yan Faransa suka zo na biyu a cikin Peugeot 504.

Wannan mota ta biyu ita ce tamu. Shekara guda bayan tseren, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa 504, Fijon da daga baya ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar tasha. A shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya. Wato motar da iyayenmu suka riƙa cusa buhunan dawa a bayanta daga Zuru zuwa Kontagora, irinta ce ke cin kofi a gabashin Afirka. Mota muna da ita, direbobin da suka san yadda ake lallaɓa ta cikin laka da kwazazzabai su ma muna da su. Gasar ce dai ba ta zama tamu ba.

Tseren Paris zuwa Dakar ya biyo baya, ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Shekara da shekaru Hausawan Nijar suna tsayawa bakin hanya suna shan ƙura, wasu na sayar da mai, wasu na nuna hanya. A 2008 aka soke tseren saboda tsaro, bayan kashe wasu Faransawa huɗu a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Ya tafi da kayansa duka, bai bar wa garuruwan da ya ratsa wata gasa tasu ta kansu ba. A irin waɗannan manyan tsere, ƙasarmu ita ce wahalar da baƙo ya biya kuɗi ya zo ya sha, mu kuma 'yan kallo.

Abin da za mu iya nunawa mu ce namu ne yana Argungu. Bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Da bikin ya girma aka yi ta ɗora masa abubuwa, kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona, har da tseren motoci. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Bayan kusan shekara goma ba a yi ba, aka dawo da shi a watan Maris na 2020, kuma a wannan karon Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta ɗauki nauyin ɓangaren motocin. Jelani ɗan Sakkwato ne da ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen Chevrolet Volt. Motocin da ake haɗawa a Najeriya suka taso daga Abuja har Argungu, don a nuna wa mai saye cewa za su jure hanyoyinmu.

Manufa ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Sai dai kamfanoni ne suka kawo motocin, kuma tallar ƙarko ce ake yi. Malamin makaranta na Rikoto da ke da tsohuwar Golf, ko makaniken da ya san ciwon kowace Corolla a garin nan, ba shi da ƙofar shiga irin wannan. Nan ma kallo ne rabonsa.

Darasin Argungu na gaske, a ganinmu, yana bakin ruwan Matan Fada, ba kan kwalta ba. Me ya mayar da su gasa? Masunta dubbai da homa da gora ba sabon abu ba ne a Kabi. Abin da ya bambanta ranar shi ne alamar farawa guda ɗaya ga kowa, lokaci ƙayyadadde, da ma'auni. Kifin da ya ci a 2020 kilo 78 ne, kuma lambar ce ta raba gardama, ba yawan magoya baya ba. A 2008 an taɓa karɓe kyauta daga hannun wanda aka ce ya yi na ɗaya, bayan bincike ya nuna kifinsa ya mutu tun kafin a shiga ruwa. Mutane sun ɗauki labarin abin dariya, amma mu a nan muke ganin gasar ta cika gasa: akwai doka, akwai mai dubawa, akwai hukunci ko da ya zo da kunya.

Wasan mota na garuruwanmu ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Kowa ya san shi. An ɗaura aure, an ɗauko amarya, samari sun cika titi, wani ya ja birkin hannu ya juya mota cikin ƙura, yara na ihu a gefe ba shinge ba komai. Gadon kilisa da sukuwa ne, inda saurayi ke nuna iya riƙe linzami, amma doki na ganin yaro ya kauce, mota ba ta gani. Hukumomi sun sha hanawa, iyaye sun sha yin Allah wadai, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, sun sha gargaɗi. Wasan bai mutu ba, domin sha'awar da ke ƙarƙashinsa ta gaskiya ce. Kuma tunda babu agogo, hanya ɗaya ce ta rage wa yaro ya nuna ya fi ɗan'uwansa: ya ƙara matsowa kusa da mutane.

Tarihin tseren mota yana da wani reshe da bai taɓa biyowa ta nan ba, shi ne wanda Turawa ke kira otokuros. A Ingila, tun farkon shekarun 1950, ƙananan ƙungiyoyin masu mota suke aron filin manomi su zana hanya a kan ciyawa su yi tsere da agogo. A Amurka kuma filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgin sama ake samu, a jera robobin nan masu tsini su zama lunguna da kwanoni. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, babu gogayya, babu wuce wani. Zagaye ɗaya kusan minti ɗaya ne, gudun ba ya cika wuce na babbar hanya, kuma duk robar da direba ya kayar ana ƙara masa daƙiƙa biyu. Ƙungiyar SCCA ta fara gasar ƙasa ta wannan wasa a 1973, daga 2009 kuma a birnin Lincoln na jihar Nebraska ake yin ta, direbobi sama da dubu. Kowa na da zagaye uku a kan kowace hanya cikin biyu, a ɗauki mafi kyawunsa a nan da can a haɗa. Ana raba motoci aji-aji, don kada mai ƙaramar mota ya kara da mai injin dawaki ɗari huɗu. Abin da ya fi burge mu shi ne direbobin da kansu ke aikin filin: idan ajinka ba ya gudu, kai ne mai tsayar da robar da wani ya kayar.

Dubi yadda wannan ya dace da halin da ƙasar Zuru ke ciki. Tsere mai nisa yana buƙatar hanya mai aminci ta ɗaruruwan kilomita, kuma duk wanda ke da dangi a Danko-Wasagu ko Sakaba ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da tafiya a shekarun nan. Abin da ya kori Dakar daga Afirka yana bayan gidanmu. Fili guda da za a kewaye, a tsare, a gama kafin la'asar, wannan kam garin da ke shirya kokawar Uhola a gaban dubban mutane ba zai gagare shi ba. Shimfiɗaɗɗiyar kwalta irin ta Nebraska ba mu da ita, don haka salon Ingila ne ya fi kusa da mu: ƙasa mai tauri bayan girbi, tankar ruwa ta kwantar da ƙura, tsofaffin tayoyi a madadin robobi.

Wahalar tana wajen da ba a tafi. Sai an sami makanikai da za su duba birki da taya da bel da ƙullin batir, su kuma iya ce wa ɗan babban mutum motarsa ba za ta shiga ba. Sai hular kwano, da lasisi, da igiya mai nisa tsakanin 'yan kallo da kwanar da mota ka iya zamewa, da motar asibiti a tsaye. Batun agogo shi ne mafi sauƙi, mu da muke sana'ar rubuta manhaja muna iya faɗin haka: yatsan mutum a kan waya na iya kuskuren kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wanda ya isa ya haddasa rigima tsakanin na ɗaya da na biyu, amma fitilar da mota ke yankewa a mashiga da mafita, haɗe da ƙaramar kwamfuta, aikin ɗalibin kwaleji ne.

Kalmar zakara kuwa ba a samunta a yini ɗaya. Sai an yi zagaye da yawa, an tara maki, an rubuta, an ajiye inda na baɗi zai gani ya ce zai karya. Jihar Kebbi, tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, masarautu huɗu gare ta: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Zagaye huɗu ke nan a rani guda, na ƙarshe ya faɗo a makon kamun kifi, inda jama'a da 'yan jarida sun riga sun taru. Zagayen Zuru zai buƙaci yardar masarauta da ƙaramar hukuma da 'yan sanda, da kuma mai filin da zai amince a taka masa ƙasa tsakanin girbin dawa da saukar ruwan farko.