Takardar Neman Biya a Matsayin Mafakar Rashawa: Nazarin Zarge-zargen Addax a Nijeriya da na Tashar Kusile a Afirka ta Kudu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin zarge-zargen cin hanci guda biyu da suka haɗa kamfanin makamashi da ɗan kwangilar cikin gida: na kamfanin mai na Addax a Nijeriya, da na tashar lantarki ta Kusile mallakar Eskom, kamfanin lantarki na gwamnatin Afirka ta Kudu. An dogara da bayanan da masu binciken kuɗi da masu gabatar da ƙara suka fitar a bainar jama'a. Maƙalar ta nuna cewa kuɗin da ake zargi sun fi fita bayan an ba da kwangila, a cikin takardun neman biya da na ƙarin aiki, wurin da idon hukuma bai cika kaiwa ba.

1.0 Gabatarwa

Dokokin da Nijeriya ta yi domin tsare dukiyar jama'a a harkar kwangila sun fi ƙarfi a bakin ƙofa. Dokar sayen kaya da ba da ayyukan gwamnati ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta yi dogon bayani kan tallata aiki da buɗe takardun masu nema a gaban shaidu. Dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai da iskar gas, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Afrilun 2010, ta kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa domin tabbatar da cewa kamfanonin gida sun sami rabonsu. Abin da ya fi damun dokokin biyu shi ne wa aka bai wa aiki. Wannan maƙala ta ɗauki tambayar da ke biye: bayan an ba shi, nawa aka biya shi, kuma wa ya je ya auna aikin kafin a sa hannu a takardar biyan? Hujjojin da za a kawo sun nuna cewa a nan ɓarakar take.

2.0 Al'amarin Addax

Addax ya fara haƙar mai a Nijeriya a 1998, lokacin da ya karɓi rijiyoyin da kamfanin Ashland ya bari, bisa yarjejeniyar raba ɗanyen mai da NNPC. A 2009 kamfanin Sinopec na gwamnatin Sin ya saye shi kan kuɗi sama da dala biliyan 7, aka bar hedikwatarsa a Jeneba ta ƙasar Suwizalan. A ƙarshen 2016 kamfanin Deloitte, wanda ke binciken asusunsa, ya ajiye aikin, ya kuma rubuta dalilinsa. Ya ce bai sami gamsasshen bayani ba kan biyan kuɗi iri biyu: sama da dala miliyan 20 da aka bai wa wasu lauyoyi a Nijeriya da Amurka, da sama da dala miliyan 80 da aka biya wani kamfanin injiniya saboda ayyukan filayen mai na Antan da Udele/Ofrima. A ganin Deloitte, kuɗin sun zarce darajar aikin da za a iya nunawa, kuma masu kwarmata bayanai daga ciki da wajen kamfanin sun yi zargin cewa an yi amfani da su wajen bai wa jami'an gwamnati toshiyar baki, wasu manyan kamfanin kuma sun yi sama da faɗi da wani kaso. Rahotannin jaridu sun bayyana kamfanin injiniyan da cewa Kaztec ne, na rukunin kamfanonin Chrome mallakar Emeka Offor, sun kuma alaƙanta lokacin biyan da warware wata taƙaddama ta biliyoyin daloli tsakanin Addax da gwamnatin Nijeriya kan haraji da kuɗin aiki.

Ofishin mai gabatar da ƙara na Jeneba ya buɗe bincike a farkon 2017, aka tsare shugaban kamfanin da daraktan sashen shari'arsa. A Yulin shekarar aka rufe maganar: Addax ya biya faran miliyan 31 na Suwizalan, ya amsa cewa akwai sakaci a tsarin tafiyar da kamfanin kuma takardun biyan ba su cika ba, masu ƙara kuwa suka ce ba su tabbatar da niyyar aikata laifi ba. Dole a ajiye wannan a zuci, domin tuhumar Jeneba a kan Addax da jami'ansa biyu take, kuma ta ƙare ba tare da an sami kowa da laifi ba. Abin da ya rage na nazari shi ne siffar kuɗin. Kashi ɗaya cikin biyar ne ya bi ta hannun lauyoyi, kashi huɗu suka bi ta takardun aikin injiniya, kuma Deloitte bai yi ƙorafi kan yadda aka zaɓi ɗan kwangilar ba. Ƙorafinsa na kan tazarar da ke tsakanin abin da aka biya da abin da aka gina.

3.0 Al'amarin Kusile

A nan an wuce matakin zargi, domin mai bayarwa ya amsa da bakinsa. Kusile tasha ce ta kwal a lardin Mpumalanga, mai injuna shida da aka tsara su ba da megawat 4,800, an kuma fara gininta a 2008. A 2015 Eskom ya bai wa kamfanin ABB na Suwizalan kwangilar na'urorin sarrafa tashar, ta kimanin dala miliyan 160. A Disambar 2022 ABB ya cimma yarjejeniya da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kan tarar dala miliyan 315, rassansa biyu suka amsa laifi. Abin da ya amince da shi shi ne, daga 2014 zuwa 2017 ya ɗauki ƙananan 'yan kwangila masu alaƙa da wani babban jami'in Eskom duk da ƙarancin ƙwarewarsu, ya sami bayanan sirri na neman kwangilar, sannan aka riƙa yin cinikin bogi kan farashin da aka riga aka tsayar da aringizo a ciki, da sharaɗin a bai wa wani takamaiman ɗan kwangila aikin. Kuɗin da aka tura musu an shigar da su a littafi a matsayin halastattun kuɗin aiki. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka ta ƙiyasta su da sama da dala miliyan 37. Tun a Disambar 2020 ABB ya mayar wa Eskom rand biliyan 1.56, daga baya ya ƙara biyan rand biliyan 2.5 ga hukumomin Afirka ta Kudu.

Ɓangaren masu karɓa kuwa bai tafi haka ba. A Oktoban 2022 aka gurfanar da Matshela Koko, tsohon muƙaddashin shugaban Eskom, tare da wasu, bisa zargin da ya shafi kamfanin Impulse International, wanda aka ruwaito agolarsa na da hannun jari a ciki. Koko ya musanta zargin, kuma a Nuwamban 2023 kotun Middelburg ta cire ƙarar daga jerinta saboda jan ƙafar masu gabatar da ita. Ke nan akwai kamfanin da ya ce ya bayar ya kuma biya tara, alhali a wancan zama kotu ba ta kai ga cewa ga wanda ya karɓa ba.

4.0 Dalilin bi ta hannun ɗan kwangila

Babban kamfani ba ya iya fitar da miliyoyin daloli daga asusunsa ba tare da takarda ba. Dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 kan bai wa jami'an ƙasashen waje cin hanci sun sa kowane kwabo sai an rubuta masa dalili. A da, dalilin da aka fi rubutawa shi ne ladan mai ba da shawara. Haka haɗakar kamfanonin TSKJ ta yi a kwangilolin iskar gas na tsibirin Bonny tsakanin 1995 da 2004, inda kimanin dala miliyan 180 suka bi ta hannun wani lauya na Landan, Jeffrey Tesler, da kamfanin Marubeni na Japan. Bayan wannan tonon silili, duk mai binciken kuɗi da ya ga lauya ko dillali ya karɓi abin da ya fi ƙarfin aikinsa zai ɗaga gira. Ɗan kwangilar injiniya ya fi wuyar kamawa, saboda yana da yadi da ma'aikata da injinan walda, kuma akwai aikin gaske da yake yi. A ɗauki misali da takardar da ke cewa jirgin aiki ya yi kwanaki a teku yana jira saboda kamfanin mai ya canza zane, don haka a biya kuɗin jira, da na sake yanka ƙarfe, da na ma'aikatan da suka zauna ba aiki. Mai binciken da ke zaune a ofis a Jeneba, shekara guda bayan faruwar abin, ba shi da hanyar ƙirga waɗannan kwanaki in ban da sa hannun jami'in kamfanin da ke wurin. Idan wannan jami'i yana cikin kashe-mu-raba, takardar za ta fito tsaf ba tabo. Haka kuɗin kafin alƙalami suke, da takardun ƙarin aiki, domin ba a sake yin gasa a kansu: wanda ke kan aiki shi kaɗai ne mai tayi.

Wanda ke ɗaukar asarar shi ne abin da ya mayar da wannan batu na jama'a. A yarjejeniyar raba ɗanyen mai irin ta Addax, bayan an cire kason mallakar ƙasa, kamfani yana kwashe man da zai mayar masa da kuɗin da ya kashe, kafin a zo kan haraji da rabon riba. Duk dalar da aka ƙara a takardar ɗan kwangila, muddin sashen NNPC mai duba kasafin waɗannan ayyuka, wato NAPIMS a wancan lokaci, ya amince da ita, tana rage abin da zai shiga asusun tarayya, wanda daga gare shi ake raba wa Sakkwato da Bayelsa kasonsu na wata. Idan zargin ya tabbata, jama'a ne suka biya mafi yawan kuɗin da aka sayi jami'ansu da shi. A Eskom ma haka ne ta wata hanya: aringizon yana komawa kuɗin wuta da bashin kamfanin, wanda a 2023 gwamnati ta ɗauki nauyin rand biliyan 254 daga cikinsa.

5.0 Sukar da za a iya yi

Mai suka zai ce ƙarin aiki da ƙarin farashi ba baƙon abu ba ne a injiniyanci, musamman a teku, inda igiyar ruwa da jinkirin kaya a tashar jiragen ruwa kan rushe jadawali. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa hanyar take da amfani ga mai son ɓoye kuɗi. Ba a neman hana ƙarin aiki. Ana neman a ce ƙarin da ya kai wani mizani sai wani injiniya da ba ya ƙarƙashin mai bayarwa ko mai karɓa ya auna shi a lokacin da ake yin sa, kafin ruwa ya rufe bututun.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Akwai masu ganin irin wannan bincike makami ne da ake ɓata sunan kamfanonin gida da shi, domin a mayar da aiki hannun Turawa, kuma ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba, ganin yadda kamfanonin waje suka daɗe suna kafa hujja da rashin ƙwarewa wajen hana 'yan ƙasa aiki. Sai dai hujjojin da aka kawo ba su ɗora laifi kan zama ɗan gida ba. A Bonny lauyan Landan ne da kamfanin Japan suka yi dakon kuɗin, a Kusile kamfanin Suwizalan ne ya amsa laifi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da dokar fifita 'yan ƙasa ta ƙara shi ne uzuri: jami'in da ya nace sai an ɗauki wani kamfani yana iya fakewa da kishin ƙasa, kamfanin waje kuma ya ce doka ya bi. Afirka ta Kudu ta ga irin wannan tun kafin ABB, lokacin da kamfanin Hitachi ya sayar wa Chancellor House, kamfanin zuba jari na jam'iyyar ANC, kashi 25 cikin ɗari na reshensa da ya sami aikin tukwanen tururi na tashoshin Medupi da Kusile, abin da ya jawo masa biyan dala miliyan 19 a Amurka a 2015. Wanda ya fi cutuwa da wannan tsari shi ne ɗan kwangilar gida mai injiniyoyi na gaske da ba shi da uwa a gindin murhu.

Suka ta uku ita ce, tunda kotu ba ta sami kowa da laifi a batun Addax ba, bai kamata a gina hujja a kansa ba. Amsar ita ce sulhun wajen kotu bai wanke kowa ba, kamar yadda bai kama kowa ba. Faran miliyan 31 ɗin baitulmalin Jeneba suka shiga, ƙasar da ake zargin an sayi jami'anta kuwa aka bar ta da tambaya, ɗan kwangilar kuma aka bar shi da tabon da ba a ba shi zauren gogewa ba. Illar wannan ta bayyana a Afrilun 2021, lokacin da hukumar DPR, mai kula da harkar man fetur a wancan lokaci, ta soke lasisin rijiyoyin Addax huɗu, masu lamba 123 da 124 da 126 da 137, ta kuma nufi miƙa su ga haɗakar Kaztec da Salvic, kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya warware matakin cikin makonni. A farkon 2023 NNPC ya karɓi rijiyoyin. Da an binciki maganar 2016 a fili a gida, da jama'a sun sami ma'aunin da za su auna wancan mataki da shi.

Nijeriya ta riga ta mallaki rabin kayan aikin. Hukumar NEITI, mai bin diddigin kuɗaɗen mai da ma'adinai, ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanonin haƙar mai da ma'adinai a 2019, dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta bayyana masu iko da kamfani ga hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Wannan yana amsa tambayar waye mai kamfanin. Abin da ya rage shi ne a wajabta wa duk kamfanin da zai cire kuɗin aikinsa daga man ƙasa ya wallafa farashin farko na kowace babbar kwangila, da jimillar abin da aka biya a ƙarshe, da sunayen ƙananan 'yan kwangilar da kuɗin suka bi ta hannunsu, kuma duk kuɗin da ba a wallafa ba a ƙi amincewa da shi a lissafin raba mai. Wannan aiki ne na Majalisar Tarayya da hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai.