Awon Wahala da Tausayi: Nazari kan Masu Ciwon Damuwa a Zangon Accra

A Nima da Maamobi, idan mutum ya ce barci ya ƙaurace masa ko zuciyarsa ta ƙuntata, amsar da ya fi samu ita ce: "Yi haƙuri, wani ya fi ka shiga uku." Sai a nuna masa 'yan kayaye, wato mata 'yan dako, masu kwana a bakin shaguna, ko matashin da tramadol ya zautar. Wannan maƙala tana ganin cewa irin wannan kwatance, duk da kyakkyawar niyyar mai yin sa, yana toshe hanyar magani.

Al'adar tana da tushe. Musulunci ya hori mutum ya dubi na ƙasa da shi a abin duniya domin ya gode wa Allah. Sai dai horon na mutum ne ga kansa, kuma ya shafi dukiya da wadata. Idan aka mayar da shi abin rufe bakin mara lafiya, an sauya masa gurbi. Ciwon damuwa ba ya bin awon talauci kaɗai: mai shago a kasuwar Nima yana iya kamuwa da shi, ɗan dakonsa ya tsira.

Illar tana bayyana a mizanin da jama'a ke amfani da shi. Tunda wahalar da ido ya gani kaɗai ake lissafawa, ba a ɗaukar mutum mara lafiya sai ya fara surutai ko ya tuɓe a titi. Kafin nan an zaga wajen masu ruƙiyya, ana zargin sammu ko aljanu, sai lamari ya ƙazanta a nufi asibitin masu taɓin hankali na Accra ko na Pantang. Matar da ta haihu ta daina cin abinci, tana kuka a ɗaki, ba ta shiga wannan lissafi.

Za a iya cewa kwatance yana sanyaya zuciya. Haka ne, idan tsakanin waɗanda suka ɗanɗani abu ɗaya ne, domin a nan kowa yana ba da labarinsa ne, ba a fifita na wani.

Ghana ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, kuma a 2023 majalisarta ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Sai dai doka ba ta shiga zaure ko tsakar gida. Ya rage ga limamai, sarakunan Zango da iyaye su fara da tambayar "Me ke damun ka?", su saurara, sannan su raka mutum asibiti tun ciwon bai yi nisa ba.